Ƙwayar ciwon sukari: wata yunwa take gudu, wata ƙishirwa

Tambayi mai ciwon sukari a Garwa, ko Marwa, ko Njamena wane magani yake sha, amsar da za ka fi ji ita ce: "Wata farar ƙwaya ce babba, da wata 'yar ƙarama ta safe." Lokacin sha ya sani, kuɗin ya sani, har farmasin da ta fi sauƙi ya sani. Sunan da ke jikin kwalin ne bai riƙe ba, balle aikin da kowacce take yi a jiki. A ranar da komai yake tafiya daidai, wannan rashin sanin ba ya cutar da kowa. Sai dai shi likita ya yanke adadin ne bisa ranar da mutum ya karya kumallo, ya ci na rana, ya sha ruwa isasshe, ƙodarsa tana aikinta. Mu kuwa a nan arewacin Kamaru da Chadi shekararmu cike take da ranakun da ba haka suke ba: azumi, zafin bazara, zazzaɓin damina, amai da gudawa, doguwar tafiyar mota daga Ngaundere zuwa Kusri ba a sa komai a ciki ba. A irin waɗannan ranakun ne ƙwayar da ke riƙe da lafiyar mutum take iya kayar da shi, kuma babbar da ƙaramar ba ta hanya ɗaya suke kayarwa ba.

Ciwon sukarin manya, wanda likitoci ke kira nau'i na biyu, matsala biyu ce a haɗe. Jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka, ita kuma fankiriyas, halittar da ke bayan tumbi mai samar da insulin ɗin, ta fara gajiya. Ƙwayoyin da suka fi yawo a hannun mutanenmu gida biyu ne, kowanne gefe ɗaya ya kama.

Babbar dai akasari metformin ce, wadda a farmasi za ka gan ta da suna Glucophage ko Metformine, mai miligiram 500, ko 850, ko 1000. Wani likitan Faransa, Jean Sterne, shi ya fara gwada ta a kan masu ciwon sukari a 1957, Amurka ba ta fara sayar da ita ba sai 1995, kuma babban binciken da aka yi a Ingila, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, ya nuna tana rage mutuwa a tsakanin masu ciwon da ke da ƙiba. Aikinta shi ne ta hana hanta zuba sukari da yawa cikin jini, ta kuma sa jiki ya ƙara jin insulin ɗin da yake da shi. Ba ta tilasta wa jiki fitar da ƙarin insulin, shi ya sa idan ita kaɗai mutum yake sha da wuya sukarinsa ya faɗi ƙasa da ƙima ko da ya makara bai ci abinci ba. Laifinta da kowa ya sani ciki ne: tashin zuciya, kumburi, gudawa, da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Mutane da yawa a makon farko suke watsar da ita, su ce ba ta karɓe su ba. Alhali akasari gaggawa ce aka yi. Ana farawa ne da 500 sau ɗaya a rana, a tsakiyar cin abinci ko da gamawa, a yi mako ɗaya ko biyu kafin a ƙara. Wanda ya haɗiyi 850 da ruwan shayi cikinsa wayam, ai dole ya wuni a bayan gida. Idan aka bi ta sannu, yawanci cikin yakan lafa cikin 'yan makonni.

Abin da metformin take gudu da gaske shi ne bushewar jiki. Ƙoda ce take fitar da ita ta fitsari, ba tare da hanta ta sarrafa ta ba. Duk ranar da ruwan jiki ya ƙare, tacewar ƙoda takan ragu, maganin ya taru, kuma taruwarsa tana iya jawo tsamin jini, wanda alamunsa su ne numfashi sama-sama mai zurfi, ciwon ciki, amai, ciwon tsoka da matsananciyar kasala. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kada a tsorata kowa, amma idan ya faru yana kisa. To dubi inda muke zaune. A Marwa da Kusri da Njamena zafin Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, kwalara kuma ba baƙuwa ba ce a yankin tafkin Chadi. Ƙa'idar da ya kamata a ce kowane mai shan metformin ya haddace ita ce: ranar da amai ko gudawa suka yi tsanani, ko zazzaɓi ya hana ci da sha, a ajiye ƙwayar, a yi ta shan ruwa, a nemi asibiti, a kuma ci gaba da auna sukari. Sai an koma ci da sha yadda aka saba na kwana ɗaya ko biyu sannan a dawo mata. Wannan dakatarwa ce ta 'yan kwanaki, ba sallama ba. Haka nan wanda za a yi wa hoton sikana da allurar ruwan rini a jijiya, ko za a yi masa tiyata, ya faɗa tun kafin a fara cewa yana shan ta.

Nan ne gwajin kiriyatinin yake da muhimmanci, gwajin jinin da ke nuna ƙarfin ƙoda, wanda mutane suka fi tsallakewa saboda kuɗi. Daga shi ake lissafa tacewar ƙoda. Idan lissafin ya sauka ƙasa da 45 ana rage adadin metformin, idan ya yi ƙasa da 30 ana barin ta gaba ɗaya. Sau ɗaya a shekara shi ne mafi ƙaranci, tsoho ko mai hawan jini kuwa ya fi haka. A ganina, wanda kuɗinsa ba zai kai gwaje-gwaje uku ba, wannan ya kamata ya sa a gaba. Sannan akwai abin da ke lalata ƙodar a ɓoye, wato diclofenac da ibuprofen da ake saye kamar alewa don ciwon gwiwa da ciwon baya. Mai ciwon sukari da ke shan metformin, yana shan maganin hawan jini, ya ɗora diclofenac kullum a cikin zafin Afrilu, ya tara wa ƙodarsa abin da ya fi ƙarfinta. Paracetamol ya fi masa. Wanda kuma ya shekara da shekaru a kan metformin ya fara jin ƙafa tana masa zugi ko ta mutu, a duba bitamin B12, domin maganin yana rage shigarsa jiki, ba kullum ba ne ciwon sukarin ke da laifi.

'Yar ƙaramar kuwa, labarinta daban ne, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Ɗaya ce daga cikin 'yan gida ɗaya, wato glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, da gliclazide mai suna Diamicron, da glimepiride mai suna Amarel ko Amaryl. Su matsa wa fankiriyas suke yi ta fitar da insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Da zarar an haɗiye, aikin ya tashi, ba ruwanta da cewa tuwon bai nuna ba ko an kira mutum jana'iza ya fita bai karya ba. Insulin zai kwashe sukarin da ke jini, idan babu wani da ke shigowa, ƙwaƙwalwa ce ta farko da za ta ji a jikinta.

Ga yadda abin yake zuwa. Dattijo ya sha ƙwayarsa bayan sallar asuba, ya kurɓi shayi, ya tafi kasuwar shanu da niyyar ya ci wani abu a can. Ciniki ya riƙe shi har hantsi ya wuce. Sai gumi ya keto masa alhali yana inuwa, hannu ya fara rawa, zuciya tana bugu, yunwa kamar ta tsinka hanji. In ba a farga ba, sai magana ta fara sarƙewa, ya yi ta faɗa da mutane ba dalili, ya kasa gane ɗansa da ke cewa "Baba, lafiya?" Waɗanda ke wurin wani zai ce hawan jini ne ya buge shi, wani ya ce iska ce, a nemo malam. Addu'a ba ta hana komai ba, amma abin da jikinsa ke nema a wannan minti shi ne sukari giram 15: ƙwaya uku na sukarin kwali, ko babban cokali ɗaya na sukari ko zuma a ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi. A jira minti 15, in bai dawo daidai ba a maimaita, in ya dawo a ba shi abinci mai riƙe ciki. Idan kuwa ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefe ɗaya a garzaya asibiti a sa masa ruwan sukari ta jijiya.

Akwai wani abu da ko masu jinya a gida ba su cika sani ba. Glibenclamide tana daɗewa a jiki, musamman ga tsoho ko mai raunin ƙoda. Mutum zai farfaɗo ya yi dariya, a ce Alhamdulillahi ya wuce, cikin dare sukarin ya sake faɗuwa yana barci. Faɗuwar da wannan ƙwayar ta jawo tana iya dawowa har kwana ɗaya ko biyu, don haka wanda ya kai ga suma ko ruɗewa wurinsa asibiti ne ko da ya miƙe da ƙafarsa. Saboda wannan haɗarin ne jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2013, ya nuna cewa glibenclamide ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba, aka fifita gliclazide. Amma ita ce mai araha, ita ce ake samu ko'ina, shi ya sa har yau take hannun tsofaffinmu. Duk mai iyaye a kanta, ya dace ya tambayi likita ko za a iya canzawa. Ƙa'idarta dai gajeriya ce: babu abinci, babu ƙwaya. Wanda ya manta bai sha ba kuma, kada ya haɗa biyu a lokaci na gaba.

Mu da ke bakin iyaka muna da wata matsalar ta daban, ta lissafi. Takardar gwajin Kamaru da Chadi da giram a lita take zuwa, sai ka ga 1,26. Na'urar gida da aka sayo ko aka aiko da ita daga Yola, Mubi ko Maiduguri tana iya nuna 126, wata kuma, mai ma'aunin milimol, ta nuna 7. Duka ukun abu ɗaya suke faɗa, kuma shi ne iyakar da idan sukarin safe kafin karin kumallo ya kai ta a gwaji biyu ake cewa mutum yana da ciwon. Faɗuwar sukari tana farawa daga ƙasa da 0,70 a takardarmu, wato 70 a na'ura ta biyu, ko 3,9 a ta uku. Wanda ya saba da giram ya ga 3,5 a na'urar milimol zai ɗauka sukarinsa ya yi tashin gwauron zabi, ya ƙara ƙwaya, alhali faɗuwa yake yi. Kafin a yarda da lambar kowace na'ura, a kai ta wurin ma'aikacin lafiya ya faɗi ma'aunin da take amfani da shi.

Sai magungunan da ake haɗawa da su. Kinin da ake yi wa mai zazzaɓin cizon sauro shi kansa yana sa jiki fitar da insulin, zazzaɓin mai tsanani ma yana kayar da sukari, ga mara lafiya ba ya cin abinci. In aka ɗora Daonil a kan wannan, an haɗa uku. Cotrimoxazole, wato Bactrim, da fluconazole da miconazole na ƙaiƙayi da farin baki, da ciprofloxacin da ake sha wa taifot, duk suna iya ƙara wa 'yar ƙaramar ƙarfi. Rifampicin na masu tarin fuka rage mata ƙarfi yake yi, sai sukari ya hau. Mai shan maganin ƙanjamau da ke ɗauke da dolutegravir, metformin tana taruwa a jininsa fiye da ƙima, don haka ake taƙaita adadinta. Dexamethasone da wasu mata ke sha don su yi jiki, da ire-irensa da ke cikin wasu mayukan bilicin, suna tayar da sukari sosai. Giya kuma, ko bilbil ce ko ta kwalba, da gidajen biyu take faɗa: tana hana hanta ceto mutum idan sukari ya faɗi, tana kuma ƙara haɗarin tsamin jini. Ba wanda zai haddace wannan duka, kuma ba a bukata. Abin da ake bukata shi ne duk inda za a rubuta wa mutum magani, ko na mura ne, ya buɗe baki ya ce yana da ciwon sukari, ya miƙa ɗan littafinsa na asibiti da kwalayen da yake sha.

Azumi shi ne babbar jarrabawa, domin ya haɗa yunwa da ƙishirwa a rana ɗaya. A 2023 da 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, tsakiyar zafi. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 a azumin 2001 ya gano kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka fiye da sau bakwai a cikin watan. Ke nan mutane za su yi azumi ko likita ya so ko bai so ba, kuma likitan da ya tsaya a "kada ka yi" kawai ya bar mara lafiya ya tsara wa kansa. Gara a zauna wata ɗaya ko biyu kafin watan a gyara jadawali. Abin da aka saba shi ne, mai shan metformin sau ɗaya ya mayar da ita buɗa-baki, mai sau biyu ya raba tsakanin buɗa-baki da sahur. Gidan su gliclazide kuwa, babban kason buɗa-baki ake kai shi, na sahur a rage, glibenclamide kuma a guje ta in da hali. Shan cikakkiyar Daonil da sahur sannan a shiga awa goma sha uku ba ci ba sha, neman faɗuwa ne da la'asar. A jinkirta sahur, a sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba, kuma a yi hattara da buɗa-bakin kansa: dabino cike da hannu, kunu mai sukari, zoɓo, ƙosai, fanke, sannan shayin nan mai kauri kofi uku, duk a cikin awa ɗaya. Huda yatsa don aunawa ba ya karya azumi, malamai da dama sun bayyana haka. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 0,70 ko sama da giram 3, ko alamun faɗuwa suka bayyana, a karya azumin nan take ko da saura minti ashirin a kira salla. Ayar Baƙara da ta wajabta azumi ita ce ta ba mara lafiya rangwame, kuma mai raunin ƙoda, da mai juna biyu, da tsohon da ya suma kwanan nan suna cikin waɗanda likitoci ke cewa kada su ɗauka.

Inda ake sayen maganin ma magana ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. A 2019 hukumar ta fitar da gargaɗi a kan Kamaru kanta: an samu wani jabun maganin hawan jini, an rubuta hydrochlorothiazide a jikinsa, da aka gwada sai aka tarar glibenclamide ce a ciki, bayan masu shan sa sun yi ta fama da faɗuwar sukari. Wannan ya isa ya nuna ƙarfin 'yar ƙwayar, ya kuma nuna abin da ke iya shigowa ta teburin kasuwa da jakar mai yawo a babur. Na san abin da ke kai mutane can, talauci ne da nisan farmasi, ba wauta ba. Amma maganin da za a sha kullum har tsawon rai bai kamata a saye shi tsirara a ƙullin leda ba, babu suna babu ranar lalacewa, ya wuni a rana. Mai sunan asali da ake samu a farmasin asibitin gwamnati aikinsa ɗaya da mai sunan kamfani, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A gida ma a ajiye shi cikin kwalinsa a ɗaki mai inuwa, ba aljihun mota ko saman taga ba. Tsinken gwajin na'ura ya fi ƙwayar saurin lalacewa da zafi.

Yawan sunaye yana jawo wani kuskuren. Hajiya ta karɓo Glucophage a Garwa, ɗanta ya aiko mata Metformin daga Kano, sai ta haɗa tana sha a matsayin magani biyu. Glucovance kuwa metformin da glibenclamide ne a ƙwaya ɗaya, wanda ya ƙara Daonil a kai ya ninka. Gliclazide mai 30 ko 60 mai narkewa a hankali ba ɗaya take da mai 80 ba, ƙarfin mai 30 ɗin ya yi kusan daidai da mai 80, kuma ba a tauna ta ba a daka ta. A riƙa duba ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna, nan ne sunan gaskiya yake.

Maganin gargajiya ba zan ce babu komai a cikinsa ba. Zogale, shuwaka, garahuni, ganyen darbejiya, ɓawon maɗaci, kowa da wanda aka ba shi, bisa tunanin cewa ɗaci yana kashe zaƙi. A ci zogale da shuwaka a miya, abinci ne mai kyau. Matsalar jiƙo ita ce ba shi da ma'auni, na yau ya fi na jiya ƙarfi, kuma wanda ya fara shi yakan ajiye ƙwaya a ɓoye. Sai ya ji garau na wata biyu ya ce ya warke, domin sukari mai giram 2 ba ya ciwo, aikinsa a ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa yake yi shiru. Wanda zai gaya maka gaskiya shi ne gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata uku, wanda ga yawancin manya ake so ya tsaya ƙasa da kashi 7. Mai sikila ko ƙarancin jini ya faɗa wa likita, domin gwajin yana iya yin kuskure a kansu.

Ko da an bi komai daidai, ciwon tafiya yake yi. A wancan binciken na Ingila, bayan shekara uku kusan rabin mutanen ne kawai magani ɗaya ya ishe su, bayan shekara tara kuwa kusan ɗaya cikin huɗu. Ƙarin ƙwaya ta biyu ko komawa allurar insulin ba alamar sakaci ba ce, ba kuma alamar ajali ya matso ba, yadda ake raɗawa a zaure. Akwai sababbin ƙwayoyi irin su sitagliptin da ba su cika kayar da sukari ba, da empagliflozin mai fitar da sukari ta fitsari tana kare zuciya da ƙoda, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma ita ta biyun dole a ajiye ta ranar amai da gudawa kamar metformin. Matar da ta samu ciki ko take nema ta je a sake duba maganinta tun da wuri, galibi insulin ake mayar da ita. Matashi kuma, ko babba, da yake ramewa cikin 'yan makonni, yana kwana fitsari da ƙishirwa, ga amai, ba mai neman ƙwaya ba ne a farmasi. Wannan jikinsa insulin ya rasa, kuma a ranar ya kamata a kai shi asibiti.